Saƙo Marar Isnadi: Waya, Jita-jita da Karyewar Amana a Kankiya da Kusada



Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ta wace hanya magidanci mai hankali, wanda ba a iya cutarsa a cinikin hatsi ko na dabba, yake kaiwa ga gaskata cewa ɗigon rigakafi makirci ne na hana haihuwa, har ya riƙa kallon ma'aikaciyar lafiya 'yar unguwarsu a matsayin 'yar koren maƙiya? Amsoshi biyu aka saba bayarwa. Wasu su ce jahilci ne, wasu su ce wayar hannu ce ta lalata mutane. Abin da zan kare a nan shi ne cewa duka biyun sun kauce wa jijiyar matsalar. Waya ba ta ƙirƙiro mana zargi ba, ta tarar da shi a ƙasa, kuma yana da tarihinsa da dalilansa. Aikin da ta yi guda biyu ne: ta raba labari da mai shi, ta kuma tara masu zargi a zaure guda inda babu mai musa musu. Mutumin da ya nitse a irin wannan zaure yakan sauya waɗanda yake yarda da su tun kafin ya sauya ra'ayinsa a kan allura ko tsaro, kuma wannan sauyin amana shi ne ainihin tsattsauran ra'ayi.

Ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada na jihar Katsina sun dace da wannan nazari saboda matsayinsu. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum kimanin 151,000, Kusada kuma kimanin 99,000, kuma yawancinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Babban titin Kano zuwa Katsina ya ratsa yankin, don haka duk abin da aka tattauna a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa da safe, direba ko ɗan ci-rani ya sauke shi a Yashe ko Kankiya kafin magariba. Ta yamma da kudu kuwa akwai Matazu da Musawa, daga can sai ƙananan hukumomin da ɓarayin daji suka fi addaba. Sannan a garin Kankiya ne makarantar koyon aikin lafiya ta jihar take, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Ke nan a wuri ɗaya an haɗa hanyar da labari ke gudu, da fargabar da ke sa a karɓe shi, da kuma mutanen da aikinsu ya dogara ga yardar jama'a. Kuma ba sai kowa ya mallaki babbar waya ba. Waya ɗaya a majalisa ko teburin mai shayi tana ciyar da kunnuwa goma, shagon cajin waya yana tura bidiyo a katin memori ko ta manhajar Xender ba tare da data ba, matar da ke cikin gida kuma tana jin saƙon murya a wayar maigida ko ta ɗanta.

Hujja ta farko a kan cewa zargi ya girmi waya ita ce ƙauracewa rigakafin shan-inna na 2003. A lokacin layukan salula ba su wuce shekara biyu da shigowa Nijeriya ba, babu Facebook, babu WhatsApp. Duk da haka maganar cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa ta game Arewa ta hanyar mumbari da rediyo da kaset da bakin kasuwa. Dakta Ibrahim Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, kuma likita, yana cikin waɗanda suka jagoranci wannan kira. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma samo magani daga Indonesiya. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa zargin 2003 yana da fuska da suna. An san wanda ya faɗa, an san inda yake zaune, don haka aka iya zama da shi, aka kafa kwamitoci, aka tura wakilai ƙasashen waje, aka kuma sami ranar da za a ce an warware.

Wancan zargi kuma ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka kuma yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har zuwa 2009 da kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A kan wannan tabo aka ɗora wata tambaya da duk wanda ya yi aikin rigakafi a karkarar Katsina ya san ta: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta, amma in yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai mun sayar da akuya? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma har yau ba ta mutu ba, domin a 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa a cikin wata shida na farkon shekarar. Mai ƙirƙirar labarin makirci ba ya buƙatar ƙirƙiro ɓacin rai. Yana ɗaukar tambayar da hukuma ta bari ba amsa ne, ya ba ta amsa mai sauƙi, mai mugu a ciki.

To me waya ta ƙara? Abu na farko shi ne yanke isnadi. Al'ummarmu ta gaji ilimin tantance labari daga malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun san wanda ya ji daga wa, da halin kowane mai ruwaya, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati, wadda ta yi umarni da bincika labari kafin aiki da shi, ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Islamiyya. Ko a majalisa, in mutum ya kawo labari, ana tambayarsa wa ya gaya maka, kuma in an san shi da shaci-faɗi ana rage wa maganarsa nauyi. Saƙon murya na WhatsApp ya rushe wannan tsari ta wata hanya mai wuyar ganewa. Muryar da ke magana ba a san ta ba: wani ne da ya ce shi likita ne, ko tsohon soja, ko wanda abin ya faru a gabansa, ya fara da sallama da salati, ya rantse, ya rufe da cewa don Allah a yaɗa. Amma sunan da ya bayyana a fuskar waya na yayanka ne, ko abokin karatunka, ko limamin unguwa. Mai sauraro yana ba baƙuwar murya amanar da ya tanadar wa ɗan uwansa, shi kuwa ɗan uwan in an tuhume shi sai ya ce ni ma turo mini aka yi. Haka aka gani a watan Agustan 2014, lokacin da saƙon shan ruwan gishiri da wanka da shi don kariya daga Ebola ya zagaye ƙasar nan a dare ɗaya. Iyaye da 'ya'ya ne suka riƙa tayar da juna daga barci saboda ƙauna, mutum biyu aƙalla suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti.

Abu na biyu shi ne zaure. A da, mai shakkar rigakafi yana zaune ne a tsakanin mutanen da wasunsu ba su yarda da shi ba, kuma dole ya gaisa da su a masallaci. Yau zauren WhatsApp, wanda tun 2022 yake ɗaukar mutum har 1,024, yana iya haɗa shi da masu irin tunaninsa daga Kano da Zariya da Maraɗi da ma masu zama a Saudiyya. Tafiyar takan fara ne da abin da ba laifi ba: zauren wa'azi, ko na maganin gargajiya da na Musulunci, ko na labaran tsaro. Sai a shigo da tambaya mai ma'ana, a biyo ta da bidiyon da aka ce ana ɓoyewa. Matakin da ya fi haɗari shi ne wanda ake koya wa mutum cewa duk mai ƙaryata labarin an saye shi: likita ɗan kwangila ne, ɗan jarida ɗan amshin shata ne, malamin da ya halatta allura malamin gwamnati ne. Daga nan gyara ya zama hujjar makirci, domin in ba gaskiya ba ce me ya sa suke ta musantawa? Wanda ya yi tambaya a zauren a yi masa ca ko a cire shi, sauran su ɗauki darasi. Kuma akwai masu cin abinci da wannan. Binciken da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Cigaba ta CDD ta yi da masana na Jami'ar Birmingham a kan zaɓen 2019 ya nuna yadda jam'iyyu a Kano suka tsara zauruka hawa-hawa har matakin mazaɓa, da yadda sojojin baka da matasan soshiyal midiya ke samun lada gwargwadon yadda saƙonsu ya yi tasiri. Bututun da aka shimfiɗa don siyasa ba ya rufewa bayan zaɓe. Mai sayar da maganin da ya ce yana warkar da komai, da mai neman mabiya a TikTok, duk suna zuba hajarsu a cikinsa.

Inda abin ya fi kusa da jini a yankinmu shi ne batun tsaro. Tun sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamban 2020, inda aka sako 344 bayan kwana shida, jama'ar Katsina suka ƙara sakankancewa cewa ba a gaya musu komai. Wa ke kawo makamai, wa ke cin kuɗin fansa, me ya sa aka san inda ɓarayin suke amma suna nan? Tambayoyi ne na halal, amma a zauruka amsarsu takan sauka a kan wanda ya fi kusa kuma ya fi rauni: wane infoma ne, Fulanin ruga kaza duk bakinsu ɗaya. Mun san ƙarshen irin wannan. Binciken BBC na 2018 ya nuna yadda hotunan da ba na Filato ba, aka yaɗa su a Facebook a matsayin na rikicin Gashish, suka taimaka wajen hura wutar da aka tare hanya aka kashe matafiya a watan Yunin shekarar. Kafin nan, a Fabrairun 2013, an harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo ya farfaɗo da zargin makirci. Ba na cewa shirin ne ya miƙa wa maharan bindiga, amma magana ce ke fara mayar da ma'aikaciyar lafiya abokiyar gaba a idon jama'a. A watan Agustan 2024 kuma an ga matasa da tutar Rasha a zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna da Katsina, sannan a Disamban shekarar hirar da shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi da harshen Hausa, inda ya zargi Faransa da wasu jami'an Nijeriya da hannu a ta'addanci, ta mamaye wayoyi duk da musantawar mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribaɗu. Wannan ya nuna cewa masu faɗa a ji na ciki da waje sun gane darajar kunnen mai jin Hausa.

Mai suka na farko zai ce duk wannan dogon bayani ne, ƙarancin karatun boko ne kawai. Hujja ba ta goyi bayansa ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci zargin 2003 likita ne. A Amurka, mabiya aƙidar makirci ta QAnon da suka shiga cikin masu afka wa majalisar dokoki ranar 6 ga Janairun 2021 ba marasa karatu ba ne. Binciken masana na jami'ar MIT ta Amurka da aka buga a 2018, wanda ya duba labarai kimanin 126,000 a Twitter, ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne ke yin hakan, masu karatu da rubutu. Misali mafi kusa shi ne labarin cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan, wanda ya yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya ƙaryata a Poland a Disamban 2018. Wannan labari ya samu kasuwa a tsakanin masu digiri a wasu sassan ƙasar da mazauna Turai, amma a shiyyar Daura, wadda Kankiya da Kusada ke cikinta, bai sami wurin zama ba. Ba don nan an fi can karatu ba, sai don labarin ya taɓa wanda aka sani aka kuma yarda da shi. Mutum yana tsananta bincike a kan labarin da ya soki nasa, ya sassauta a kan wanda ya soki wanda dama yake zargi.

Mai suka na biyu zai ce laifin kamfanoni ne da na'urorinsu masu zaɓar wa mutum abin da zai kalla. Yana da rabin gaskiya. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na abin da Facebook ke kashewa a yaƙi da labarin ƙarya yana tafiya ne ga Amurka, kuma harsuna irin Hausa ba su samu kulawar da yawan masu magana da su ya cancanta ba. Sai dai WhatsApp ba ya zaɓar wa kowa komai. Tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya ƙara matsewa, amma yatsan ɗan uwa ne ke turawa, kuma katin memori bai san wannan doka ba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba ta cancanci a wuce ta da sauri ba: ai masu zargi sun sha yin gaskiya. Trovan ya faru. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da shirin rigakafi na bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen neman Usama bin Laden. Kuma bayan an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a ranar 25 ga Agustan 2020, an ci gaba da samun wani nau'i a Katsina da Sakkwato da Zamfara da Kano, wanda asalinsa daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon ne, takan rikiɗe in ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su karɓi rigakafi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ma'aikacin da ya musanta shi a gaban magidancin da ya riga ya ji a waya ya zubar da amanarsa a banza. Amma a duba yadda aka san waɗannan abubuwa: 'yan jarida masu suna, da kotu, da kwamitin bincike, da ɗakunan gwaji ne suka tono su, da hujjar da za a iya dubawa a ƙaryata. Shakka mai amfani tana faɗin abin da zai gamsar da ita. Ita kuwa aƙidar makirci babu hujjar da za ta karɓa, kuma zargin hana haihuwa ya fi shekara 20 yana yawo a yankin da har yau yake cikin mafiya yawan haihuwa a duniya, yaran da aka ɗiga wa maganin a 2004 kuma yanzu su ne ke kai nasu 'ya'yan awo. Da aka fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata a 2023, tsohon zargin nan aka sake ɗaukowa aka sauya masa suna kawai.

Saura masu cewa a toshe ko a ɗaure. An gwada. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro, aka fara dawo da su kafin ƙarshen shekarar. Kankiya da Kusada ba sa ciki, amma maƙwabtansu sun ga yadda mutum ke tafiya mai nisa don ya kira ɗan uwa ko ya nemi agaji, labari kuma ya koma bakin direba da ɗan kasuwa inda ba mai iya tantance shi. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 a kan 'yan jarida da masu sukar gwamnati. Hukumar da ake zargi da ɓoye gaskiya, in ta kama mai magana, ta ba zaure hujjar da yake nema ne.

Abin da ya yi aiki a tarihinmu shi ne mayar wa labari fuska. Shan-inna bai ja da baya ba sai da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009, hakimai da dagatai suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidajen da suka sani, waɗanda cutar ta nakasa suka fito suna magana, aka kuma haɗa ɗigon da sansanin duba marasa lafiya. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina, wanda aka fara a wasu ƙananan hukumomin Katsina tun 2013, bai gamu da irin wannan turjiya ba, domin ya amsa ciwon da uwa ke gani da idonta. Aikin cibiyoyi irin su Dubawa da CITAD na tantance labarai yana da amfani, amma rubutu a shafin intanet ba ya isa kunnen da saƙon murya ya isa. Don haka nake ganin ya kamata makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ta koya wa ɗalibanta tarihin Trovan da na 2003 ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ta kuma horar da su amsa jita-jita da murya, da Hausar Katsina, mutum ya faɗi sunansa da asibitin da yake da ranar da za a same shi. Kwamitin lafiya na kowace mazaɓa, da limami da dagaci a ciki, ya zama yana cikin zaurukan garin, ya amsa saƙo a ranar da ya shigo, ya ware abin da yake gaskiya a ciki ya amsa shi kafin ya ƙaryata saura. Wannan duka zai tsaya ne in magidancin Kusada da ya saurari amsar, ya ɗauki ɗansa mai zazzaɓi zuwa asibitin da aka ambata masa, ya tarar da ma'aikacin a bakin aiki da magani a kanta.